Amanar da Na Tura a Motar Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ba a bar ni na huta ba. 'Yan ajinmu a kwaleji, matan layinmu, har uwar mijina da ba ta cika tambaya ba, kowa sai ya ce, "Binta, yaya Nijar?" Ni kuwa sai in ce lafiya lau, in miƙa alkaki, in sauya magana. Ladidi da muka yi tafiyar tare ta ce in ban ba da labarin ba ita za ta bayar. Na san bakin Ladidi, sai ta zuba gishirin da ba zai ciwu ba, shi ya sa na ga gara in rubuta da hannuna.

Ga wanda bai san ni ba, shekarata talatin da biyar, 'ya'yana huɗu, kuma sai da na yaye autana na koma karatu a kwalejin horar da malamai. A zangon da ya wuce aka tura ni koyarwar gwaji a firamaren wani ƙauye kusa da Kadawa. Mai duba aikinmu ita ce Malama Hadiza, kuma tana da aƙida ɗaya da ba ta sauka a kai: malami ya rage surutu, ya koma gefe, ya bar yara su koyar da junansu. Ni da na taso a hannun malaman da ko tari ka yi sai ka sha bulala, da farko na ɗauka lalaci ne aka yi wa suna. Amma na gwada. Na ba 'yan aji shida darasin yadda mutum zai kiyaye kansa a waya, tunda duk cikinsu babu wanda ba ya taɓa wayar uwarsa ko ta yayansa.

A nan Zainabu ta ba ni mamaki. Yarinya ce 'yar shekara goma sha biyu, siririya, wadda sai ka matsa kusa kake jin muryarta. Ranar da ta tsaya gaban allo sai ta zama wata daban. Ta ce wa 'yan'uwanta, "Kun ga idan Babanmu ya sa tiyo a magudana ya jawo ruwa cikin fangalin tumatir, akwai wanda ya taɓa ganin ruwan ya koma? To haka hoto yake. Kafin ka tura, ka tambayi mai fuskar." Ni kuwa ina baya ina jin kamar ni na haife ta.

Ana haka aka gayyaci kwalejinmu wani taron kwana uku na ɗaliban malanta a Damagaram. Malama Hadiza ta zaɓe ni da Ladidi, ta ce in ɗauki darasin Zainabu a bidiyo in nuna a can, amma da izinin mahaifinta. Mahaifin nata, Malam Sani, shi ke da Islamiyyar ƙauyen, yana kuma noman tumatir. Da na je masa da maganar bai amince nan take ba. Bara wasu samari sun samu hoton wata amarya a ƙauyen, suka yi masa abin da suka yi suka yaɗa, har yau baiwar Allah ba ta zuwa biki. Ga shi kuma da ƙyar Malam ya yarda Zainabu ta zauna jarrabawar shiga ƙaramar sakandare a Kura, kuma iyayen wasu 'yan mata uku sun ce abin da Malam ya yi shi za su yi.

"Malama," in ji shi daga ƙarshe, "sau ɗaya za ki nuna, a ɗakin taron, sannan ki goge. Amana ce. In na ga fuskar yarinyar nan a wayar wani, to bokon ya ƙare a gidana."

Na ce, "Allah gafarta Malam, in sha Allahu ko Ladidi ba zan tura wa ba."

Ranar Lahadi da sassafe maigidana ya kai ni Kura a babur, muna bin bayan motocin tumatir, ruwansu yana ɗiga a titi. Daga can muka shiga Kano, muka nufi tashar Ƙofar Ruwa muka hau ƙaramar bas ta Daura. Malama Hadiza ta samu gidan gaba. Ni da Ladidi aka cusa mu a tsakiya tare da wata dattijuwa mai jiki, haƙorin Makka biyu, jakunkuna uku. Kafin mu fita daga Kano na san sunanta Hajiya Gambo, na san 'yar Damagaram ce, na san tana fataucin albasa da busasshen tumatir tsakanin can da ɓangarenmu, na kuma san duk abin da surukarta ta yi mata.

Ni mota ba ta yi mini daɗi. Muna wuce Kazaure cikina ya fara juyawa. Hajiya ta dube ni sau ɗaya ta ce wa direba ya tsaya, da muryar da ba a yi wa musu. Ta sauya mini wuri na koma bakin taga, ta yanka lemon tsami ta ba ni, ta ciro kanumfari daga bakin mayafinta ta ce in riƙa tsotsa. Tun daga nan ta daina kirana Malama, na koma "'yata".

A Kwangwalam muka sauka muka taka zuwa ɓangaren Nijar. Ban taɓa tsallaka iyaka ba, na ɗauka zan ga katanga ko wata babbar ƙofa. Sandar ƙarfe ce kawai da rumfuna, ga masu canji da masu fura suna kai-komo kamar a kasuwar Bunkure. Ma'aikacin da ke duba takardu a can ɓangaren ba Bahaushe ba ne, Hausarsa kaɗan ce. Ya duba katina ya ga Fatima, ya duba wasiƙar kwaleji ya ga Binta, ya ce mutum biyu ne, ina ɗayar? Malama Hadiza ta yi Turanci, bai yi amfani ba. Ladidi ta fara dariyar tsoro. Ni kuwa gumi ya jiƙa mini hijabi, har na fara hango kaina a motar komawa gida. Sai ga Hajiya Gambo ta turo kai, ta gaishe shi da Faransanci, ta haɗa da Zabarmanci, ta nuna masa cewa a wurinmu kowace Fatima Binta ce, ita kanta ba Gambo ne a katinta ba. Mutumin ya yi dariya, ya buga hatimi, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Ku riƙe wannan a ranku, don ku san nauyin da ke kaina lokacin da abin ya faru. Ba don in wanke kaina na faɗa ba.

Mun sauya mota, mun kama hanyar Matamaye. Ladidi ta yi barci baki buɗe. Na ciro waya na sa abin ji a kunne ina sake kallon bidiyon, ina bitar abin da zan faɗa. Ban lura Hajiya na leƙe ba sai da ta zare abin daga kunnena ɗaya ta sa a nata. Ta kalla har ƙarshe, ta riƙe haɓa.

"Masha Allah! Wannan 'yar wa ce? Kin ji hankali? Turo min, 'yata, in nuna wa jikokina, su da ba su san komai ba sai rawa a waya."

Na san amsar da ya kamata in bayar. Tana kan harshena. Amma wannan matar ta ba ni wurinta, ta cece ni a iyaka, ta girmi uwata. A gidanmu ba a ce wa babba a'a a kan abin da yake gani a hannunka, rowa ce, rashin kara ne. Na ce a raina tsohuwa ce, jikokinta kawai za su gani, kuma wata ƙasar ce. Na yi 'yar dabara na ce layina ya ɗauke tun daga iyaka. Ta ce ai ba sai da layi ba, ta buɗe manhajar nan da ake tura abu daga waya zuwa waya, ta fi ni iyawa. Kafin in gama tunanin wata ƙaryar, wayarta ta yi ƙara. Ya shiga.

Ba a yi minti goma ba ta fara nuna mini abubuwan da take ɗorawa a sitatus: buhunan albasa, wa'azi, sunan jikarta, wani haɗarin mota, girkin da ta yi jiya. Ta ce da alfahari, "Ni ba na ɓoye abin alheri. Duk dillalan Kwanar Gafan suna da lambata, da sun tashi ni suke fara dubawa."

Kwanar Gafan! Kasuwar da Malam Sani ke kai tumatirinsa. Kanumfarin da ke bakina ya koma ɗaci. Na buɗe baki in ce ta goge, sai na ji kunyar ta ninka ta farko, don yanzu sai in bayyana cewa na ba ta abin da ba nawa ba. Na ce bari mu isa tasha in ja ta gefe. Muna isa tashar Damagaram masu kabu-kabu, wato 'yan acaɓarsu, suka yanyame mu, muna ta fama da jakar Ladidi da hannunta ya tsinke. Ina ɗagowa na hango mayafin Hajiya a bayan babur, tana ɗaga mini hannu. Lambar da ta ba ni ta Najeriya ce, kuma a gabana ta cire layin ta sa na can.

An sauke mu a ɗakin kwanan ɗalibai mata, gadajen ƙarfe, tsaf-tsaf, da randa a bakin ƙofa. Mutanen kirki ne ƙwarai. Hausarsu tamu ce, sai dai makaranta lakwal ce, waya salula, kuma in suka zo lissafin lokaci sai su koma Faransanci su bar ka a tsaye. Da safe aka kawo burodi dogo kamar taɓarya, mai tauri a baya, Ladidi ta ce wannan sai da izinin likitan haƙori. Da rana shinkafa da miya, da yamma kwaɗon zogale da suke ce wa kopto. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne da azahar gari ke mutuwa, kowa ya rufe ya je ya huta, sai la'asar a dawo. Ladidi ta ce da za a kawo wannan tsarin Kura da ta yi wa gwamnati addu'a. Ita ta ci komai har da ƙari. Ni kuwa ko loma uku ban iya haɗiyewa ba, kowane lokaci ina duba wayar da na san ba layi a cikinta.

Taron kansa ɗalibai ne ke jan sa. Malamai suna kujerun baya, ba su da izinin magana sai ɗalibai sun gama. Na ga Malama Hadiza tana ta motsi a kujera, ashe ita ma aƙidar tata tana yi mata wuya in ta zo kanta. Shugabar zaman wata ɗaliba ce, Ramatu, ba za ta wuce ashirin da biyu ba, tana riƙe da ƙaramar ƙararrawa, ko wane ne ya wuce lokacinsa sai ta kaɗa. Ranar farko su suka nuna nasu bidiyoyin, kuma na lura da wani abu: babu fuskar yaro ko ɗaya. Daga baya suke ɗauka, ko su nuna hannu da allo, murya kawai ake ji. Da aka fita shan iska na tambayi Ramatu dalili.

Ta ce, "Yaya, mu ba mu yarda da kanmu ba ne. Salula tana ɓata, ana aronta, wani ya ce turo min ka ji kunya. In babu fuska a ciki, ko ya fita da sauƙi."

Na ce mata haka ne, na wuce banɗaki na yi kuka.

Da yamma na gaya wa Ladidi. Ta yi salati ta dafe ƙirji. "Binta! Ke da kika hana ni? Ni da muke cin abinci kwano ɗaya?" Da ta ga yanayina sai ta sassauta, ta ce wataƙila tsohuwar ta manta, in yi shiru, in nuna bidiyon gobe, mu koma gida kamar ba a yi ba. Na so in karɓi shawarar. Amma duk lokacin da na rufe ido sai in ga wani dillali a Kwanar Gafan yana miƙa wa Malam Sani waya yana cewa, "Malam, wannan ba 'yarka ba ce?"

Washegari Ramatu ta kira sunana. An haɗa na'urar haska bango, an miƙo mini igiyar da zan jona wayata. Na tsaya riƙe da igiyar. Taken jawabina yana rubuce a allo, yadda za mu koya wa yara kiyaye kansu a waya. Sai na ajiye igiyar na ce ba zan nuna komai ba. Na faɗi abin da Zainabu ta koyar, na faɗi sharaɗin mahaifinta, na faɗi abin da na yi a mota. Ban kalli inda Malama Hadiza take ba.

Na zaci za a yi ta surutu, ko a tausaya mini a wuce. Ramatu ta kaɗa ƙararrawa ta ce, "To, jama'a, darasin yau ya zo da ƙafarsa. Me za a yi?" Nan ɗalibai suka ɗauka. Wata ta ce a nemo matar a yau, kafin abin ya ƙara nisa. Wani ya ce gogewa kaɗai ba ta isa ba, a tambaye ta wa da wa ta tura wa. Wani saurayi mai gilashi ya ce in an goge shi ke nan, ba sai an tayar wa uban yarinya da hankali ba. Wata ta miƙe ta ce masa, "In 'yarka ce fa?" Aka yi ta ja har ƙararrawa ta yi aiki sau uku. Da aka ba malamai dama, Malama Hadiza ta miƙe ta ce ita ma tana da laifi, don ita ta ce a ɗauki bidiyon ba ta yi tunanin a ɓoye fuskar ba. Ba ta ƙara ko kalma a kaina ba, kuma wannan ya fi mini zafi a kan faɗa.

Mahaifiyar Ramatu tana sayar da kayan miya a babbar kasuwar garin. Da la'asar ta yi muka hau kabu-kabu, ni da Ramatu da Ladidi, muka je wurinta. Ina cewa mai haƙorin Makka biyu da ke zuwa Kano, ta ce, "Gambo? Wa bai san Gambo ba?" Ta haɗa mu da wata maƙwabciyarta ta raka mu har gida, cikin wasu lunguna da ba zan iya komawa ni kaɗai ba.

Hajiya ta yi murna kamar ta ga 'yar cikinta. Ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura, ta ce ba mai magana sai an sha. Na riƙe ludayin na kasa kaiwa baki. Na durƙusa na ce, "Hajiya, na zo roƙo ne. Bidiyon nan da na tura miki, don Allah a goge. Ba nawa ba ne. Mahaifinta amana ya ba ni, ya ce kada kowa ya samu."

Fara'ar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ajiye ludayinta.

"Amana? Kin san amana ce kika tura min?"

"Kunyarki na ji, Hajiya."

"Kunyata? Ke 'yar nan, shekara talatin ina ɗaukar kayan mutane ina tsallaka iyaka da su, ko albasa ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Da kin ce min amana ce, wallahi ko kallo na biyu ba zan yi ba, sai ma in sa miki albarka. Kin ɗauka don ban yi lakwal ba ban san amana ba? Wannan ba kara kika yi min ba, raina ni kika yi."

Duk hanyar nan ina ganin na girmama ta ne, ban taɓa kawo wa raina cewa zan iya faɗa mata gaskiya ta fahimta ba.

Ta jawo wayar ta miƙa wa Ramatu. Tun daren Lahadi ta ɗora shi a sitatus, har ya cika kwanansa ya sauka da kansa. Ta tura wa 'yarta, ta tura wa wani guruf na mata 'yan kasuwa. A gabanmu ta goge nata, ta kira 'yar ta ce ta goge, ta yi saƙon murya a guruf ɗin tana cewa duk wadda ta yaɗa ba ta yafe ba. Na tambaye ta ko mutanen Kwanar Gafan sun gani. Ta ce, "Biyu sun yi min magana, sun ce kamar sun san makarantar." Da za mu tafi ta cika mini leda biyu da alkaki, ta ce ɗaya tawa ce, ɗaya in kai wa yarinyar, in ce wata tsohuwa ta ce ta yafe mata. Alkakin da nake ta raba muku ragowar nawa ne.

Ranar ƙarshe ta taron ban san me aka yi ba, jikina ne kawai a wurin. A hanyar dawowa muna tsallaka Kwangwalam layina ya dawo, saƙonni suka yi ta shigowa, kowane ƙara sai gabana ya faɗi. Babu na Malam Sani, babu na shugaban makaranta. Ladidi ta ce, "Kin gani? Ba wanda ya sani. Ki rufa wa kanki asiri." Na ce mata ko Malam bai sani ba sai na faɗa, amma Allah ya sani har muka wuce Daura ina lissafin yadda zan fasa.

Ban sauka a Kura ba, na zarce ƙauyen da jakata. An ce Malam yana gona. Na same shi a bakin magudana da la'asar, ya naɗe wando, ana ɗibar tumatir ana jerawa a kwanduna. Na gaishe shi, na faɗi komai a tsaye, ban rage ba, ban sa Hajiya a gaba ba. Yana saurare yana gyara tiyo.

Da na gama ya ce, "Tun ranar Litinin na gani. Wani dillali ya nuna min a gaban mutane, yana cewa ashe Malam ya yi 'yar fim."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

"Na dawo gida na ce ta ajiye jakar boko," in ji shi. "Uwarta ta ce in jira ki dawo. Na ce zan jira in ga abu ɗaya, ko za ki zo da ƙafarki, ko sai na aika." Ya miƙe ya wanke hannu. "Kin zo. Ba zan hana ta jarrabawa ba, don abin da ta faɗa a ciki gaskiya ne, na saurara har sau biyu. Amma ba za a sake ɗaukar ɗiyata a waya ba, ko ke ko wani. Kuma ba ni kika yi wa laifi ba, Malama. Fuskar ba tawa ba ce. Tana gida."

Na sami Zainabu a tsakar gida tana yanka tumatir ana shanyawa. Tun Litinin ba ta leƙa waje ba, don yaran layin sun samu abin tsokana, da ta fito sai su ce ga mai fangali. Ban taɓa durƙusa wa yaro ba sai ranar. Na ba ta haƙuri, na ba ta saƙon Hajiya da alkakin. Ba ta ɗago ba. Ta ce a hankali, "Malama, ai ba ki tambaye ni ba. Ko lokacin da za ki ɗauka, Baba kika tambaya."

Wannan ban taɓa tunaninsa ba sai da ta faɗa. Maigidana ya zo ya ɗauke ni, na dawo gida a bayan babur ina share hawaye da hijabi, yana tambayata ko Nijar ɗin ce ba ta karɓe ni ba.

Ta dawo makaranta ranar Litinin ta sama, ita da sauran 'yan mata ukun da iyayensu suka bi sahun Malam. Amma ta koma bencin ƙarshe, muryar ta koma yadda take da, kuma duk lokacin da na ce wa zai fito ya jagoranci darasi sai ta sunkuyar da kai. Ban matsa mata ba. Sati biyu muna haka, ni ina ganin wurin da ta saba tsayawa, ita tana kallon littafinta. Saura kwana uku in gama koyarwar gwajin, na tambayi wa zai yi mana bitar darasin waya kafin in tafi. Ba wanda ya motsa. Can sai na ji benci ya yi ƙara a baya.

Ta tako har gaban teburina ta tsaya.

"Malama, ina wayarki?"

Na ciro ta daga jaka na miƙa mata. Ta duba ta tabbatar a kashe take, ta zura ta a aljihun rigarta, ta sauke hijabi a kai. Sannan ta ɗauki alli ta juya ga 'yan ajin, ni kuma na koma bencin ƙarshe na zauna a wurinta.